Ranar da Injiniya Ya Zama Idon Kaka

Kafin in ba ku labarin yadda aka yi Injiniya ya zauna a kujerata da rimot a hannu yana gumi, bari in sauke nauyin da ke wuyana. Duk wadda har yanzu take bin fim ɗin nan mai dogon zango na gidan attajirai, wanda ni nake kira Masu Matattakala, don Allah ta ji tausayin datarta ta daina. Gida ne mai hawa uku, kuma babu kashin da za a gama ba a gangaro da wani daga saman bene ba. In ya faɗo ya manta kowa, in ya sake faɗowa ya tuna. Uwar gidan da kwalliyarta take kwana, har da 'yan kunne masu taɓa kafaɗa. Mugun cikinsu kuwa ba ya iya ƙulla sharri sai ya tsaya gaban madubi ya faɗe shi da ƙarfi. A tsallake shi. Na faɗa a waya, na faɗa a gida, yanzu ga shi na faɗa a nan.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ni ce auta a gidanmu, aikina kuma zama a teburin karɓar baƙi na wani asibitin haƙori. Akwai talabijin a saman bangon ɗakin jira, rimot ɗinsa yana cikin durowata. Daga safe zuwa yamma ina kallon fim ta gefen ido, ina kuma kallon masu kallonsa. Fim ɗin da ya sa mai ciwon haƙori ya sauke hannu daga kumatunsa, wannan shi ne fim. Wanda kuwa ana kiran sunan mutum ya miƙe da sauri, ya gwammace allurar likita, kun san matsayinsa.

Amma ba a asibiti na koyi kallo ba, wajen Kaka na koya. Mahaifiyar Babana ce. Idonta ya rufe shekarun baya, kunnenta kuwa yana jin buɗe firiji daga ƙarshen gida. Kullum in na dawo aiki sai in ja 'yar kujerar roba kusa da ita in kunna mana fim. Ita tana jin magana da kunnenta, ni ina gaya mata abin da ba a faɗa: wa ya shigo, wa ya kau da kai, wa ya yi murmushin da bai wuce leɓe ba. Shi ya sa take kirana Idona. Aikin yana da ƙa'ida. Ba a magana a kan maganar 'yan fim, sai an jira sun ja numfashi. Ba a gaya mata abin da za ta ji a ranta. Ranar da na ce "abin tausayi", cewa ta yi ita makauniya ce, ba marar zuciya ba. Kuma dole in riga ta kallon kashin a wayata lokacin hutun rana, don in san inda zan sa baki.

Daga nan komai ya samo asali. 'Yan uwana mata suka dame ni da tambayar me za su kalla, na gaji da rubutu na koma aika musu saƙon murya, kowanne in rufe shi da "a kalla" ko "a tsallake". Su kuma suka riƙa turawa gaba. Ran nan wata mata ta zo cire haƙori, ta fito bakinta cike da auduga, ta ji ina ce wa wani ya zauna za a kira shi. Ta tsaya ta zuba min ido, ta zaro wayarta, ta kunna min muryata ina yi wa Masu Matattakala wankin babban bargo. Ashe ita ce mai tsara shirye-shirye a wani ƙaramin gidan rediyo. Da kumburin ya saɓe ta kira ni, ta ce suna so in riƙa yin shiri sau ɗaya a mako, ranar Litinin da yamma za a fara. In ban zo ba, akwai mai jiran gurbin.

Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Baba ya saurare ni har ƙarshe, ya cire gilashinsa ya goge, ya ce tunda maganar aurena da Injiniya ta yi nisa, yanzu ba shi kaɗai ke da ta cewa ba. In Injiniya ya yarda, shi ma ya yarda.

Injiniya abokin Yayana ne, gidaje yake ginawa. Kada ku ɗauka mugu ne, da mugu ne da abin ya zo min da sauƙi. Dogo ne mai tsafta, rigarsa kullum da karin guga, ga baƙin agogo mai faɗi, ga ƙaramin tef na awo maƙale da makullin motarsa. In ya shiga gidan mutane sai ya ƙwanƙwasa bango da yatsa kafin ya zauna. Shi ya gyara mana ƙofar banɗaki da ta shekara tana kuka. Kowace safiya saƙonsa ɗaya ne: "Barka da asuba. Kin karya?" In na amsa sai ya turo min hoton babban yatsa. Mama tana son sa kamar ita ta haife shi.

A mota na gaya masa, yana mayar da ni gida daga aiki. Ya yi irin dariyar da ake yi wa yaro, ya ce fim ai abin kashe lokaci ne, ba abin da mutum zai ɗora mutuncinsa a kai ba.

"Ba zan so muryar matata tana yawo a motocin haya da shagunan aski ba," in ji shi. "Ki bari kawai. A gidan da nake gina mana akwai ɗakin da na ware miki. Zan sa miki talabijin mai cin rabin bango, ki yi kallonki son ranki."

Na juya fuskata wajen taga. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shi kuwa ya ci gaba da bayanin tayil ɗin da zai sa a ɗakin har muka iso ƙofar gida.

A gida Mama ta ɗora daga inda ya tsaya. Tana ninke wanki a kan gado tana lissafa min alherinsa, ta ce maza irinsa ba a tsintar su a hanya, kuma wace mai hankali ce za ta saki miji ta kama makirfo. Ta ce ita ma ai koyarwa take yi kafin a haifi Yaya, Baba ya ce ta zauna ta zauna, me ya same ta? Amma na san har yau in 'ya'yan maƙwabta sun wuce da kayan makaranta, sai Mama ta tsayar da su ta gyara musu kwala, ta tambaye su abin da aka koya musu.

Kaka tana ɗakinta, ƙofa a buɗe. Sai da na kai mata shayi ta tambaye ni yaushe mijin nata zai zo, don haka take kiransa cikin wasa. Na ce Asabar. Ta ce ranar in yi mata shimfiɗa a falo, ta gaji da ɗaki.

Yanzu sai in gaya muku abin da muke kallo ni da ita, don a kansa aka yi ta ta ƙare. Wani fim ne mai dogon zango da aka fassara, a kan wata tela da mijinta, tsohon direban babbar mota da ya samu buɗi ya buɗe shago. Mu a gida Mai Ɗinki muke ce masa. Babu bene, babu bindiga, babu kiɗan da ke zungurin mutum ya yi kuka dole. Mutane suna shan shayinsu har ya ƙare. Kashin farko za ki ce ba a yin komai, kafin ki ankara kin manta da tukunya a wuta. A kalla, amma a ajiye waya a gefe, don rabin maganar fim ɗin a fuska ake yin ta.

Ranar Asabar na sa doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan maɓallai a hannu, na yafa farin mayafi, ban shafa komai ba sai kwalli, don ban ga dalilin yi wa mai shirin rufe min baki kwalliya ba. Mama ta sa na canza labulen falo, ta fito da kofunan nan masu bakin zinariya da ba a taɓawa sai an yi baƙo. Baba yana kujerarsa ta kusa da taga da jarida. Injiniya ya zo cikin shuɗiyar riga, da kwalin biskit da lemo a leda. Ya durƙusa ya gaishe da Kaka, ta lalubo kansa ta dafa.

"Mijina, na ji za ka ɗauke min Idona ka kai ta gidan da ka gina."

Ya ce in Allah ya yarda.

"To kafin ka ɗauke, ara min naka in gwada. Idona, tashi ki ba shi kujerar."

Jama'a, gabana ya faɗi, sannan dariya ta taso min daga ciki na danne. Na riga na kalli kashin ranar a wayata, na san abin da ke cikinsa. Na miƙa masa rimot da hannu biyu, na koma gefen Mama na zauna kamar mutuniyar kirki.

Ya zauna a kan kujerar robar, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Kaka ta gaya masa ƙa'ida a taƙaice: abin da kunne zai ji ya bar mata, abin da ido ya gani ya faɗa.

Da farko ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce ga mota ta tsaya, ya faɗi irinta. Ya ce ga gida mai rufin kwano, kuma wanda ya yi magudanar ruwan bai san aikinsa ba. Baba ya yi dariya a bayan jarida. Aka shiga ɗaki, ya ce ɗakin ƙarami ne, tagar ta yi ƙasa da yawa, ga wayar wuta a fili ba a binne ta a bango ba. Kaka tana gyaɗa kai tana cewa madalla.

Sai aka zo wurin da nake jira. Mijin telar yana zaune yana cin abinci, yana magana cikin fara'a. Yana cewa yanzu ɗaki ya yi fili, mutum zai iya miƙe ƙafa, ita ma ta huta da ciwon baya tunda shago yana kawowa. Injiniya ya ce mijin yana cin shinkafa, singileti ne a jikinsa, ya sa ƙafa ya ja kujera kusa da bango. Daga nan ya yi shiru. Mijin yana ta magana, a bayansa kuma ana jin zubar ruwa.

"Wa ya bar famfo a buɗe?" in ji Kaka.

"Matar ce."

"Wanke-wanke take yi? Ban ji ƙarar kwano ba."

Ya matso da fuskarsa kusa da talabijin. "A'a. Tana tsaye ne kawai."

"Me take yi a tsayen?"

"Ba komai, Kaka. Mijin ne ke magana."

Kaka ta ce a tsayar, ya tsayar. Falon ya yi tsit, ba ka jin komai sai fanka. Ta juyo da fuskarta daidai inda nake, ban san yadda take yi ba amma ba ta taɓa kuskure, ta ce in mayar baya in gaya mata.

Ban karɓi kujerar ba, daga tsaye na yi.

"Kaka, a jikin bango inda keken ɗinkinta yake zama, babu keke. Ya sayar. Saura tabo huɗu a kan ledar ƙasa, inda ƙafafunsa suka daɗe. Su take kallo. Tef ɗin awo yana wuyanta, ta manta ba ta cire ba. Yanzu ta juya masa baya. Ta buɗe famfo, ba ta sa hannu a ruwan ba. Kafaɗunta suna rawa. Ta cusa gefen mayafinta a baki."

Muryata ta so ta karye a ƙarshe, na riƙe ta da ƙyar. Na sha faɗar irin wannan, amma ban taɓa faɗa a gaban wanda ya ware min ɗaki da talabijin ba.

Kaka ta juya fuskarta wajen Injiniya. Da ta buɗe baki ba da faɗa ta yi ba, da muryar da take tambaya ko an sa mata sukari ta yi.

"Mijina, ka ga wayar wuta a bango, ba ka ga mace tana kuka a tsakiyar ɗaki ba. Ban ce kai mugu ba ne. Amma yarinyar nan muryarta ce kekenta. In ka raba ta da ita, ranar da ta buɗe famfo wa zai gaya maka?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. Gumi ya jiƙa masa bayan shuɗiyar rigar, yana ta juya rimot a hannu.

Ni na ɗauka nan aka gama. Sai Mama ta miƙe, ta tattara kofunan da ba a ko gama shan shayinsu ba, ta shige kicin. Ba a jima ba muka ji famfo. Muka jira ƙarar kofi, ba mu ji ba.

Baba ya sauke jaridar a hankali. Ya daɗe yana kallon ƙofar kicin, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Sannan ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba:

"Auta, ranar Litinin ki shirya da wuri. Ni zan kai ki."

Ya tashi ya bi Mama, ya tura ƙofar kicin a bayansa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi ne ya kama ni, irin daɗin da ke zuwa da hawaye. Na so in yi tsalle, na so in bi Mama in rungume ta, na rasa wanda zan fara. Injiniya ya ajiye rimot a kan kujerar kamar ƙwai, ya yi sallama a gaggauce ya fita. Kaka kuwa ta ce in buɗe mata biskit ɗin mijinta mu ƙarasa kallonmu, tana son ta ji yadda telar za ta yi.

Ranar Litinin Mama ce ta goge min riga da kanta, koriya mai ɗigon fari. Tana gyara min mayafi ta ce in buɗe baki sosai, kada in haɗiye ƙarshen kalma, in yi magana don na kujerar baya su ji. Ba ta ce ta janye maganarta ba, ni ma ban tambaya ba.

Ɗakin shirin bai fi kicin ɗinmu ba. An manna wa bangonsa soso, ga makirfo a gabana, ga abin saurare da ya danne min mayafi. Matar nan mai haƙori tana bayan gilashi, ta ɗaga min hannu, jar fitila ta kama. Na rufe ido na ce a raina Kaka ce zaune a gefena. Shi ke nan baki ya buɗe.

Na fara da Masu Matattakala, ban rage musu komai ba. Na haɗa da fim ɗin 'yan sandan nan da jarumin ke shan harsashi a ƙirji, ya miƙe ya gyara kwalar riga. Na ce a tsallake, sai dai in mutum yana guga yana son hayaniya a ɗaki. Na ce a kalli na malamar ƙauyen nan da ɗalibanta, amma a tsaya a zango na farko, don a na biyu marubutan sun gaji suka aurar da kowa. Mai Ɗinki na ajiye a ƙarshe.

Waya ta ɗauki ruri. Wata baiwar Allah ta kira a fusace, ta ce ita da 'ya'yanta ba sa wuce Masu Matattakala ko sau ɗaya, wace ce ni. Na ce ta yi haƙuri, ta gaya min sau nawa babban ɗan gidan ya manta matarsa. Ta fara ƙirgawa, ta ɓata lissafi, ta fashe da dariya a kunnen gari. Wani direban haya ya kira ya ce fasinjarsa ta ƙi sauka sai an gama shirin, wa zai biya shi man da yake ƙonawa. Da na fito na tarar da Baba a jikin mota, rediyo a kunne, yana gaya wa mai gadi cewa 'yarsa ce, auta.

Injiniya kuwa tun Asabar shiru. Babu "Kin karya?", babu babban yatsa. Na ce a raina Allah raka taki gona... a'a, ban ma kai ga faɗar haka ba, kafaɗa kawai na ɗaga. Wayar dai nakan duba ta da safe, amma don in ga lokaci ne.

Yau Talata na dawo aiki, na cire takalmi, ina shirin jan kujerata zuwa ɗakin Kaka, sai saƙo ya shigo. Shi ne, kuma ban taɓa ganin ya yi rubutu mai tsawon haka ba.

"Na ji shirinki jiya a wurin gini, ni da magina. Na kuma sake kallon wurin nan, ban san sau nawa ba. Akwai abin da ba ki gaya wa Kaka ba. Mijin ya gan ta. Akwai madubi a jikin kabad. Ya ɗaga ido ya hango ta a ciki, cokalinsa ya tsaya. Sannan ya ja kujera da ƙafa ya rufe tabon keken, ya ci gaba da magana."

Na ja tsaki. Ni zai koya wa kallo? Na zauna a bakin gado na nemo kashin, na kai wurin. Ga madubin. Ga idon mijin ya ɗago. Ga cokali a tsaye tsakanin kwano da baki. Na mayar baya na sake, na kuma sakewa, ƙarar famfon tana ta maimaituwa a wayar. Duk kallon da na yi wa wurin nan idona yana kan matar, ko sau ɗaya ban dubi mijin ba.

Ina nan zaune wani saƙon ya shigo.

"Ran nan a mota ma na ga fuskarki a gilashin taga. Na ci gaba da maganar tayil."

Kafin in sauke numfashi, ga na uku.

"Ki tambayar min Kaka ko kujerar tana nan."

Ni da jiya na yanke wa fina-finai hukunci gari guda yana ji, ga ni da waya a hannu, na rubuta na goge, na sake rubutawa na goge. A saman allon ana nuna yana kan layi, bai tafi ba.

Daga ɗakinta Kaka ta ɗaga murya.

"Idona, famfon nan da kike ta buɗewa kina rufewa, me kika gani da ba ki gaya min ba?"